Kokwamba Uku Masu Jan Zare

Ranar Asabar da safe kwamitin tsafta na gidan ya tumɓuke kokwambar Gwaggo Mai Kwalabe, bokiti takwas cif, ya loda a motar shara, ita kuwa tana asibiti ana duba mata gwiwa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ba wanda ya kira wayar 'yarta. Hujjarsu ita ce ganyen ya bushe, 'ya'yan sun ruɓe, kuma duba-gari na tafe ranar Litinin. 'Ya'yan nan guda uku da suka ce sun ruɓe, iri ne. Kowanne ɗaure yake da jan zare a wuya, wanda ko mai ciwon ido zai gani.

Gwaggo ta ba shekara sittin baya. Ashirin da shida a ciki a tsaye ta yi su, a ɗakin guga na wani otal, daga zanen gado zuwa rigar filo, tururi na dukan fuskarta. Da ta bar aiki ƙafafunta ba su bari ba. Har yau in ta zauna shan shayi, kafin ya huce ta miƙe sau uku. Ciki da falo take haya a hawan ƙasa na wani gida mai hawa uku, kuma bayan tagarta akwai ɗan lungu tsakanin katanga da tankin ruwa, wanda ko tabarma biyu ba za ka shimfiɗa ba. Nan ta jera tsofaffin bokitan fenti, ta huda gindinsu da ƙusa mai zafi, ta cika su da ƙasa da yashi da taki.

Irin kuwa mijinta ne ya kawo, direban babbar mota, ƙunshe a yagaggiyar jarida daga wata doguwar tafiya.

"Ga wata kokwamba mai ladabi," ya ce mata. "Ba ta yaɗo ta shiga wajen maƙwabci. Inda kika ajiye ta nan za ki same ta."

"To madalla," ta ce. "Na samu mai zaman gida, tunda kai kujerar gidan nan ƙaya gare ta."

Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Rigunansa ta bayar, agogonsa ya tsaya, amma irin bai yanke ba, domin kowace shekara tana fitar da na baɗi da hannunta.

Wanda bai taɓa gani ba sai ya raina aikin. Takan jiƙa irin ya kwana, ta binne ƙwaya biyu a kowane bokiti, zurfin gaɓar yatsa. Kwana huɗu ko biyar sai ka ga ganye biyu sun buɗe kamar tafin jariri. Ban ruwa da sassafe, a gindi, don in ganyen ya jiƙe farar ƙura ta cuta take kama shi. Tsawon itacen bai wuce kamu biyu ba, ɗan kara ɗaya ya ishe shi. In fure ya fito kuma zuma ba ta leƙo lungun ba, sai Gwaggo ta ɗauki gashin kaza ta shafo namijin fure ta shafa wa macen, wadda ake ganewa da ɗan kumburi a bayanta. 'Yarta, wadda take aikin jinya, takan leƙo ta taga ta ce, "Umma, yau ma ana ɗaurin aure ne?" Ita kuma ta ce, "Naki ne ya gagare ni, bar ni in yi wanda zan iya."

Wajen kwana hamsin ake fara tsinka, kullum, tun suna tsawon yatsa, ƙanana masu ƙuraje, domin in aka bar su suka girma uwar sai ta daina haihuwa. Ta wanke, ta cusa a kwalabe da tafarnuwa, ta zuba ruwan gishiri da ruwan kal mai tsami, ta jera a ƙarƙashin gado inda ya fi sanyi. Daga nan sunan ya samo asali. Ba ƙofa ɗaya a gidan nan da kwalbarta ba ta shiga ba, har da ta Ciyaman na kwamiti, wanda matarsa ke dawo da kwalba wankakkiya tana cewa, "Gwaggo, ko da saura?"

Sai a ƙarshen kaka take zaɓar uku mafiya kyau ta ɗaura musu jan zare don kada hannunta ya manta ya tsinke. Su ake bari su ƙosa, su yi rawaya, su yi taushi, uwar tana bushewa a kansu. Mummunan kallo gare su, gaskiya ne. Haka iri yake nuna. Bana kuma ba ta da ko ƙwaya a ajiye, don ɗigar ruwa ta shiga gwangwanin irin bara ta lalata shi, 'yan sha shidan da suka tsira su ta shuka kaf. Saura kwana goma masu jan zaren nan uku su gama nuna.

Da ta dawo daga asibiti da azahar, kafin ta cire takalmi ta zagaya lungun kamar yadda ta saba. Siminti ta tarar, an share shi tas, sai zagayen gindin bokiti takwas. Gwiwar da likita ya ce a hutar da ita, da ita ta haura bene hawa biyu.

Ciyaman ma'aikacin ofis ne, mutum mai son fayil da biro a aljihu. Ya buɗe ƙofa yana goge baki.

"Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Ai taimaka miki muka yi. Abin ya ruɓe, har ƙuda ya fara bi."

"Ka ga jan zare?"

"Na gani. Na ɗauka wasan yara ne."

"Yaran wa? Shekara nawa rabon da ka ga yaro a ɗakina? Ɗan nan, kokwambar da kake ci da burodi kowace safiya, daga ina kake tsammanin take fitowa, daga cikin kwalba?"

"A yi haƙuri. Iri ai ya cika kasuwa, gobe zan sa a sayo miki fakiti."

Ta dube shi daga hula har silifa. Na kasuwa ta taɓa gwadawa, ya haye tanki ya leƙa gidan mutane, ya haifi zabga-zabga masu ruwa da ke narkewa a kwalba. Ba ta tsaya yi masa karatu ba. Ta tambayi inda motar shara ke juyewa.

Da ta sauko, 'yarta ta tare ƙofa. "Umma, juji fa, da wannan ƙafar?"

"In za ki zo ɗauko safar hannunki ta asibiti. In ba za ki ba, matsa."

Motar haya biyu suka hau kafin su kai bayan gari. Direban motar sharar na zaune a inuwar taya, ya saurare su, ya yi dariya.

"Mama, nan ko akuya ta ɓata sai dai a yi wa mai ita jaje."

"Akuya tafiya take yi. Nawa inda ka zuba shi yake. Nuna min."

Ya nuna da haɓa, daga baya kunya ta kama shi ya taso da shebur. Har la'asar suna tono cikin leda da ɓawon ƙwai da tsumma. Bokitan an riga an kwashe. Sai 'yar ta hango jan zare a sawun taya. Guda ɗaya ce, mota ta bi ta kanta ta fashe, cikin ya malale a ƙasa. Gwaggo ta durƙusa da gwiwar nan ta kwashe da cokalin da ta zo da shi, har da ƙasar wurin.

Ka'ida ita ce a zuba cikin a ruwa a bar shi kwana uku ya yi tsami, yauƙin ya saki. Mai rai ya nutse, fanko ya taso. Kwana ukun nan Gwaggo ta zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta buɗe kofin, ta rufe, ta goge zanen da ta goge jiya, ta fita da buta za ta yi ban ruwa, sai ta tsaya a kan siminti da butar a hannu. Ranar Talata ta tsiyaye ruwan a hankali. Sama ya cika da fanko, ya fi ɗari. A ƙasan kofin ƙwaya bakwai. Ta shanya su a kan takarda a inuwa, ta kife rariya a kai saboda ɓera. Ko za su tsiro, sai baɗi za a sani, kuma ba ta da wanda za ta ɓata wajen gwaji.

Duba-gari sun zo ranar Litinin ɗin, ko lungun ba su leƙa ba.

Saboda haka, Ciyaman da 'yan kwamitinka, ku riƙe fakitinku. Ku kawo bokiti takwas, hudaddu, cike da ƙasa da taki, ku ɗauko su da hannuwan da suka tumɓuke, ku jera inda zagayensu yake har yanzu. Ku rubuta a allon sanarwa na bakin ƙofa cewa lungun tanki na shukar Gwaggo ne, ba a taɓa komai a ciki sai an tambaye ta. Kai kuma Ciyaman, kada ka aiko matarka da wankakkiyar kwalba. Sauko da ƙafarka, ƙofa ta biyu a hannun hagu, ka ƙwanƙwasa.