Finjalan Azumi

Azumi haifaffiyar Fagam ce, aure ne ya kai ta Gwaram, zamanin da ayarin fatake ke ratsa garin da jakuna. Mijinta Malam Abdulsalami manomi ne, ita kuwa kunun tsamiya take damawa. An san ta da tsabta, ko ludayinta ka gani ka san nata ne.

Tana da kusan shekara hamsin yayanta Hambali ya dawo daga Makka, bayan shekara goma sha ɗaya, har an fid da rai da shi. Tsarabar da ya kawo mata finjali biyu ne na ƙarau, naɗe cikin tsohon rawani. Ba a taɓa ganin irinsu a unguwar ba. Mata suka riƙa sallama don kawai su ga ruwa zaune cikin abin da ido ke ratsawa.

Damina biyu ana shan ruwan rijiya a ciki, sai finjalan suka fara dishewa, wani fari-fari ya lulluɓe su. Ta wanke da sabulun salo, ta goge da toka, bai fita ba. Maƙwabciyarta Hapsatu ta ce ta gwada yashi, Azumi ta ƙi, tana tsoron karcewa. Ta naɗe su ta ɓoye, kunya ta hana ta gaya wa yayanta.

Wata rana da hantsi tana tace tsamiya, idonta ya kai kan tukunyar jiƙo. Kowace randa a gidan tana da farin zobe inda ruwa ke kwanciya, wannan kaɗai ce babu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauko finjalin da ya fi dishewa, ta nutsa shi cikin ruwan tsamiya mai ɗumi, ta koma kan aikinta.

Bayan azahar ta tsamo shi, ta ɗauraye, ta goge da farin ƙyalle. Ya fita tas. Daidai nan mijinta ya shigo daga gona.

"Malam, zo ka gani."

Ya karɓa ya juya shi. "Me kika yi masa?"

"Tsamiya na ba shi."

"Ashe shi ma kunu yake so," in ji Malam.

Washegari ta aika wa Hambali ya zo, ta zuba masa ruwa a ciki, sannan ta faɗa masa duk abin da ta ɓoye. Ya yi ta dariya, ya ce, "Ni da na ɗauko su daga can, ban taɓa ganin sun yi haske haka ba."

Daga nan iyayen amare suka riƙa kawo mata awarwaron ƙarau da duwatsun wuya ta wanke, har daga Birnin Kudu. Ta tsufa tukuf tana yi. Finjali ɗaya kaza ce ta ture shi ya fashe, Azumi ta sa aka yanka ta, gida duka aka sha romo. Ɗayan ta ba 'yarta Zahara'u ranar sunan jikanta na fari.