Inabin da Baba Ya Hana a Yi wa Aski

Wata ranar kasuwar Jega, shekarar da na shiga aji uku na firamare, Baba ya dawo gida Aliero da wani ɗan icce naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Albasa ya kai kasuwa, muka zaci kifi zai kawo. Tsawon iccen bai kai kamu ɗaya ba, ko ganye babu. Ya ce inabi ne, wani direba ya ba shi, kuma in Allah ya so sai ya ci 'ya'yansa a tsakar gidansa kafin ya bar duniya. Inna ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Gindin rijiya aka dasa shi, wahalar kuwa a kaina ta ƙare. Kafin in tafi makaranta sai na ja guga na ba shi ruwa. In na dawo, yara na langa a ƙofar gida, ni ina zuba toka saboda gara, ina gyara shingen ƙaya saboda awakin Inna. Baba ya kafa mashi rumfa da sanduna, ya riƙa ɗebo takin da ya tara don albasa yana juye mashi. Iccen ya ji daɗi, ya hau rumfa ya rufe ta ruf. Inuwa kam mun samu, har kaji. 'Ya'ya ko ɗaya.

Kawu Sani, ƙanen Inna da ke Maiyama, ya taɓa aikin lambu a wani gari. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Yaya, inabi sai da aski. Datse shi." Baba manomin albasa ne, a wurinshi ganye shi ne lafiya, albasar da ganyenta ya lalace ba ta yin kai. "Mi yai min da za ni sa mai wuƙa?" in ji shi. Haka muka yi shekara da shekaru. Na bar makaranta, gemu ya fito mani, ina nan ina jan ruwa. Baba ya tsufa ƙarƙashin rumfar nan, kullum da safe yana ɗaga ganye da sanda yana leƙawa.

Da ya rasu, a ƙarƙashinta aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Rassan sun sauko suna ture hulunan mutane, sai Kawu ya ɗauko adda ya sassare su, ya bar itacen tsirara. Ban hana shi ba, na gaji. Bayan sadakar arba'in ya yi sabon toho, kafin damina sai ga nonnan inabi suna reto. Inna ta ƙi taɓawa. Ni na tsinki ɗaya na ci a tsaye. Da ɗan tsami, amma inabi ne.

Yanzu an raba gidan, an shafe wurin da siminti, rijiyar ma an rufe ta. 'Ya'yana suna ganin inabi cikin roba a bakin titin Jega, ba su san yana da ganye ba. Ni dai albasata nake nomawa, bayana na ciwo. Wani lokacin in na ga inuwa mai kauri sai in ɗaga kai ina dubawa, kamar yadda Baba ke yi. Ruwa ya sa na ba iccen nan, taki ya ba shi, wuƙa kaɗai ya kasa.