Kada Ka Faɗa Mini Ranar

Wata abokiyar aikina ce ta saka mini manhajar a waya, muna zaune a ofishin malamai lokacin hutun tara. Ta ce ta neman aure ce, ba ta shashanci ba, har gurbin saka waliyyi akwai. Na ce mata ni waliyyina ko saƙon waya sai an karanta masa. A lokacin aurena ya daɗe da mutuwa, na dawo gidan yayana a Birnin Gwari, an ba ni ɗakin da ke jikin wanda ake jibge buhunan masara. Ba wanda ya taɓa faɗa mini baƙar magana a gidan. Amma na gaji da zama a ɗakin aro, nawa nake so.

Kyauta ce, in ji ta. Ashe kyautar iyakarta a ce miki wasu sun nuna suna sonki, hotunansu a dushe kamar an shafa musu koko. In kina son ganin fuska ko karanta abin da aka rubuto, sai kin biya kuɗin wata. Na yi kwanaki ina tsaki, ina rufe wayar, ina sake buɗewa. Da albashi ya shigo na biya, ban faɗa wa kowa ba.

Abin da kuɗina ya sayo mini shi ne maza daga Kaduna da Zariya da Kano, duk bakinsu ɗaya. Sallama, ya aiki, sai kuma a ina kike. Da na rubuta sunan garinmu sai ka ji tsit. Masu kirkin cikinsu su ce Allah ya tsare ku, kamar sun zo ta'aziyya. Wani ya tambaye ni wai da gaske ne muna cin kasuwa da mutanen daji. Wani ya ce in shigo Kaduna mu haɗu a gidan abinci, ni da nake da gida da yaya da zaure. Na rubuta masa amsar da har yau ban yi nadamarta ba.

Sai wani mutumin Zariya, mai gyaran injinan ban ruwa. Matarsa ta rasu, yana zaune da mahaifiyarsa da 'ya'yansa. Da na faɗa masa garinmu sai ya tambaye ni yadda masara ta yi bana, wai ya ji ƙasarmu ko tsakuwa ka shuka sai ta fito. Na yi dariya ni kaɗai a aji har yara suka ɗago. Daga nan muka ɗora. Maganarsa a hankali take, ba ya sauri, ba ya cika baki. Na so shi, ba sai na yi kwana-kwana ba.

Duk da haka ban ba shi lambata ba, ban faɗa masa unguwarmu ba, sunan ma na yarinta na saka, wanda ba mai kirana da shi a gari. Ya san dai ina koyarwa a firamare. Wanda bai zauna a nan ba zai ce wulaƙanci ne. Mu tun da daji ya lalace muka koyi riƙe baki. Ba a faɗin abin da aka noma, ba a nuna wa baƙo gidan wani, ba a faɗin ranar tafiya. Yayana in zai leƙa gonarsa ta wajen Damari, matarsa ma sai ta ga ya fito da babur take sani.

Rannan mutumin Zariyan ya ce yana so ya zo ya gaida yayana. Wannan ce maganar da na biya kuɗi don in ji, amma da ya ƙara da cewa ranar Asabar zai taso da motar farko, sai na yi maza na tare shi.

Na aika masa da murya: "Don Allah, Malam, kada ka faɗa mini ranar. Ka canza wata, kada ka faɗa wa kowa, har ni. In ka sauka a tasha ka rubuto mini nan, zan turo a ɗauko ka."

Ya ce, "Malama, ni ne ba ki yarda da ni ba?"

Na ce, "Ba kai ba ne. Mu nan haka muke yi wa wanda ba mu so a rasa."

Ya yi 'yar dariya ya ce to, ya ji.

Ban san abin da na jawo wa kaina ba sai da Asabar ɗin ta wuce. Tunda ba rana, kowace rana ta zama ranar. Na yi lalle, ya goge, na sake wani. Na riƙa saka atamfofina na fita unguwa ina zuwa makaranta da su, alli yana ɓata su. Matar yayana ta dube ni wata safiya ta ce, "Malama, yau ma bikin ne?" Na ce eh, nata ne. Sabis a makarantarmu sai ƙarshen filin ƙwallo yake kamawa, don haka tsakanin darasi da darasi ina can tsaye cikin rana da waya a sama. In na ji an ce an tare hanya, sai in yi ta duba wayar har sai ya rubuto. In ya rubuto kuma na ga ina kwana ce kawai da labarin injin wani da ya ƙi tashi, sai haushi ya kama ni. Ni na kafa masa dokar, kuma ni ce nake fushi don yana bin ta. Mako ya bi mako, na fara ce wa kaina shi ma irin sauran ne, ya dai fi su iya magana.

Ana haka watan da na biya ya ƙare, albashi bai shigo ba, katin bankina ba komai. Manhajar ta sake dushewa. Ina ganin alamar saƙo yana shigowa, wani bayan wani, ba halin karantawa. Na ce gaisuwa ce, ba za ta ruɓe ba kafin a biya mu.

Ranar da kuɗi suka shigo na sabunta, a tsaye a ƙarshen filin. Saƙonnin duk na rana ɗaya ne, shekaranjiya.

Na farko ya ce: Na iso lafiya, ina tasha. Ina wurin mai shayi, kusa da masu lodin Funtuwa. Na yi azahar, ina nan. Malama, ko sabis ne? Direba ya ce in ba mu tashi yanzu ba sai gobe, ba a bin hanya da yamma. Na ƙarshen ya ce: Na koma. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Na rubuta, na goge, na rubuta doguwar magana na tura, ta ƙi tafiya. Ya rufe shafinsa. Ba ni da lambarsa, don ban nema ba, gudun kada ya nemi tawa.

Abokiyar aikina ta sha tambayata ko biyan kuɗin nan yana da amfani, wai ƙanwarta na so ta gwada. Ina ce mata ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan. Sun yi abin da suka ce za su yi, sun kawo mini mutum har garinmu. Amma ƙofar da suka buɗe mini tasu ce, makullin yana hannunsu, kuma ba ruwansu da ranar da ake biyan malaman firamare.

Ranar da na karanta saƙonnin ban jira an tashi ba, na bar ajin a hannun wata na tafi tasha. Mai shayin na san shi, 'yarsa tana ajina. Na gaishe shi, na tambaye shi ko wani baƙo ya zauna a wurinsa shekaranjiya.

Ya ce, "Mai shuɗiyar shadda? Ai wuni ya yi a kan bencin nan. Ko motsi aka yi sai ya duba waya. Ya zo da leda cike da alkaki, wai tsohuwarsa ce ta sa aka yi. Da zai tafi ya ce in kai wa yara, ba zai iya koma mata da shi ba."

Na ce, "Bai tambayi kowa ba?"

Ya ajiye kofin da yake ɗauraya, ya rage murya. "Ya tambaya. Ya kwatanta mini wata malamar firamare da ke zaune gidan yayanta. Wallahi yana fara magana na gane ke ce. To amma, Malama, baƙo ne, ban san daga inda ya fito ba. Na ce masa ba mu da irinta a garin nan."

Ya tsaya yana kallona, yana jira in ce ya kyauta.

Na ce masa ya kyauta.