Igiyar da Ta Ɗaure Mai Jego

Akwai wawa guda ɗaya a wannan labarin, kuma don kada mai karatu ya sha wahalar nemansa, ni ne. Ba kuma ƙaramin wawa ba. Wawa ne mai takardar gama aji huɗu, mai agogo a hannu, mai biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu, don kwarjini kawai na soke shi.

Zamanin nan ne da kuɗin mai suka sauko ƙasa kamar an fasa rumbu. Ina malamin sikeli a kasuwar auduga ta Daudawa, aka yi mana ƙarin albashi, aka haɗa da na baya. Abokan aikina kowa ya haukace ta fuskar da ta yi masa. Wani ya sayi rediyo mai baki biyu, wani gadon ƙarfe, wani ya yaye bunun ɗakinsa ya buga kwano ya shiga ciki yana gasuwa. Ni babur na saya, na kuma ƙudura cewa iyalina ma sai ta ɗanɗana zamani.

Ita kuwa tana gidan iyayenta a Tafoki. Ta tafi goyon ciki, ta haifa mana ɗan fari, namiji, tana wankan jego a hannun kakarta. Bazara ce mai nauyi. Hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin ta wajen Faskari, ya yi ta gurnani, ya watse ba ɗigo. Baƙon dauro kuma ya shigo ƙauyuka. In kana zaune bakin hanya da hantsi, sai ka ga maza uku ko huɗu sun wuce shiru, ɗaya rungume da 'yar tabarma a naɗe, sun nufi bayan gari. Ba mai tambayar na wane gida ne. A irin wannan shekara jariri ba shi da wata garkuwa sai nonon uwarsa, kowa ya san haka, har ni.

Ranar kasuwar Yankara na tsaya gaban rumfar wani saurayi da na san shi da sayar da tocila da batir. Yanzu ya ƙaro kayan mata, ya rataye wasu fararen abubuwa a igiya, kowanne kamar hular jarirai biyu da aka ɗinke wuri guda.

"Malam, wagga ita ce bireziya," in ji shi, ya rage murya. "Rigar nono. Matan Kaduna ba su fita ƙofar gida sai da ita."

"Na sani," na ce. Ban sani ba.

"Lamba nawa Hajiya ke sawa?"

Nan na ga yana neman raina ni. Na ce masa mutumin da ke kallon buhun auduga daga nesa ya faɗi nauyinsa ba ya buƙatar lamba. Shi ma da na matsa, ashe bai san abin da lambar ke nufi ba, a dila ya saro su daga Zariya. Sai muka zauna mu biyu, jahilai, muka kafa kwamiti. Ya ɗora guda a gwiwarsa, na ce ta yi girma. Muka aro ƙoƙon mai fura muka kifa a ciki, na ce wannan kuma zagi ne. Daga ƙarshe na zaɓi wata 'yar ƙarama mai tauri, da ƙarfe lanƙwashe a gindin kowane ɓangare, da 'yan ƙugiyoyi biyu a baya. Muka ja ta, shi ta can ni ta nan, ba ta miƙe ba ko kaɗan. Na ce yawwa. A aikinmu buhun da bai ɗauru tamau ba ba ya isa Funtuwa lafiya. Kuma amaryar bara nake aunawa a kaina. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa wadda ke Tafoki yanzu mai shayarwa ce.

Na naɗe ta a takardar siminti, na cusa ƙarƙashin sabulu da kanwa da kayan yaji. Da na je gaisuwa aka bar iyalina ta fito zaure na ɗan lokaci, kanta a sunkuye. Na tura mata ƙunshin, na yi mata lacca cikin raɗa: matan birni dare da rana suke sawa, ba a cirewa sai wanka, in ta ji matsi to aiki take yi, kuma kada tsofaffin nan su gani, ba su san zamani ba. Ta ce, "To." Abin da ta ce ke nan.

Ba a jima ba aka aiko mini in zo, jikinta ya ƙi.

Tun daga ƙofar gida na san ba lafiya. Ba daka, ba hayaƙin tuwo, sai kukan yaron daga ciki, siriri, yana yi yana yankewa. Surukina na zaure da carbi, ya amsa gaisuwata bai ɗago ba. Kakar ce ta fito ta ja ni gindin wata ƙatuwar tsamiya a bayan gida. Tsohuwar nan tun ranar da aka ɗaura aure take kirana mijinta, tana bina bashin kuɗin cefane, ina ce mata na sake ta tun bara. Ran nan ba ta yi wasa ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

"Nono ya kumbura," ta ce. "Na hagu. Ya yi ja, ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Zazzaɓi na kaɗa ta. Ɗan ya kama ya saki, ya kama ya saki."

Na gyara tsayuwa na ce wannan a ilmin zamani ana kiransa ciwon jini.

"Rufe mani baki ka ji saura. Ɗaure ta ake yi."

"Wa ke ɗaure ta?"

"Da na sani da na kira ka? Kullum in na zo yi mata wanka sai in ga shatin igiya a jikinta. Ya zagaye ta ta ƙarƙashin nono har gadon baya, ja wur, kamar an yi da zaren ƙarfe. Ga wasu biyu sun haura kafaɗu. Na duba ɗakin ba igiya. Na tambaye ta, kuka kawai."

Ta ce sun yi hayaƙi, sun sha rubutu. Sun kira wani tsohon Bamaguje na unguwar gabas da ya san sha'anin iskoki, aka kwatanta masa, ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce shi dai tun tasowarsa bai taɓa jin iskar da ke ɗauri dama da hagu daidai wa daida haka ba, wannan baƙuwa ce, mai yiwuwa da motocin nan ta shigo. Wallahi ina tsaye ina jin wannan duka, ina gyaɗa kai kamar alƙali, ban gane komai ba.

Da safen nan kuma sun yi gwajin nono. Ga wanda bai sani ba, ana tatsa kaɗan a ƙoƙo a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, nono ya ɓaci, sai a cire yaro. Tururuwar ta zagaya, ta zagaya, ta tsaya. Don haka an yanke shawara: za a ɗauke yaron daga nono gaba ɗaya a koma ba shi madarar akuya, an kuma aika a kira wanzami ya yi wa kumburin sakiya.

"Ɗan da bai yi arba'in ba," in ji Kakar, tana kallon hanyar bayan gari. "A wagga shekara."

Muna komawa na tarar da wanzamin ya iso. Ya zauna a tsakar gida ya baje zabirarsa, an kawo masa garwashi a kasko, ya tura wani siririn ƙarfe ciki yana fifita wutar da gefen rigarsa. Sama ta sake haɗa baƙin hadarinta na banza, iska ta tsaya cik. Daga ɗakin na ji muryar iyalina tana cewa, "Inna, ku bari, don Allah ku bari," ba ƙarfi a muryar. Wata mata ta fito da yaron a hannu ta nufi wani ɗaki da shi, ana jawo akuya.

Kakar ta dafa ni ta ƙara da cewa, "Abin har haƙora gare shi. A tsakiyar bayanta, wuri guda kullum, 'yan huji biyu a jere."

Biyu a jere. A tsakiyar baya. Sai na ji yatsuna sun tuna abin da kaina ya ƙi tunawa, 'yan ƙugiyoyin nan da muka ja a rumfa ni da mai tocila. Gumi ya karyo mini tun daga hula.

To, ga inda take. Surukina ya shigo yana tsaye. Surukata na bakin ƙofar ɗaki, matar da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba. Ga wanzami, ga matan maƙwabta. A gaban waɗannan ake so in buɗe baki in ambaci nonon 'yarsu da abin da na sayo masa. Na rantse na yi tunanin in hau babur in gudu, in ya so a ce iskar ta kama ni ni ma. Ƙarfen ya fara ja a cikin wuta. Wanzamin ya zaro shi ya duba, ya mayar.

"Kaka," na ce, murya kamar ta ɗan tsako. "Zo ki ji."

"Ba lokacin wasa ba ne, miji."

"Ba iska ba ce. Ni ne."

Ta juyo ta dube ni tun daga takalmi. Na sunkuya na faɗa mata a kunne, rabi da Hausa rabi da kwatance da hannu. Ta ce wa wanzami ya dakata, ta shiga ɗakin ta saki labule.

Ta ɗan jima a ciki. Sai ga ta ta fito, ta ɗago abin a kan muciya, nesa da jikinta, kamar wadda ta kashe maciji. A cikin matashin kai aka same ta. Ashe yarinyar nan kafin wanka take cirewa ta ɓoye, ana gamawa ta mayar, ta kwana a ciki, ta wuni a ciki, nono na cika yana neman hanya ƙarfe na tare shi. Da farko ta ɗauka haka matan birni ke daurewa. Da aka fara zancen iskoki kuma, sai ta ga in ta faɗa ta tona mini asiri a gidan ubanta. Ta zaɓi ƙarfen wanzami a kan a yi mini dariya. Ina rubuta wannan da tsufana, har yanzu in na zo nan sai na ajiye biro.

"Ga iskar," in ji Kaka. "Ga kau ubangidanta nan tsaye da agogo."

Surukina ya juya ya fita, kafaɗunsa na rawa, ban san ko fushi ba ne ko wani abu. Wanzamin ya tsoma ƙarfensa a ruwa ya yi cuu, ya ce kumburin ma bai nuna ba, a yi ta gashi da ruwan ɗumi ana tatsewa, in an ga dama a kai ta a yi mata allura. Wurin allurar ni na kai ta, a kan babur, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma hukuncin tururuwa na nan bai tashi ba, kuma matan gidan ba su da niyyar saɓa masa. Yaron ya ƙi akuya, akuya ta ƙi yaron. Kukansa ya koma kamar na kyanwa.

Da zazzaɓin ya sauka Kaka ta ce a sake gwaji. Ni na gan ta da idona a bakin rumbu, tana tona ƙasa da tsinke, tana ture ƙananan tururuwa gefe, har ta samo wata ƙatuwa mai ƙafafu kamar na ɗan dambe. Aka jefa ta a ƙoƙo. Mata sun yi da'ira ba mai numfashi. Ta nutse, ta taso, ta kama gefe ta zame, ta sake kamawa, ta haye ta yi tafiyarta. Aka yi guɗa. Aka miƙa wa uwar ɗanta, ya kama, bai saki ba. Daga inda nake a bayan zana ina jin haɗiyarsa.

Kafin iyalina ta gama wankan jego yayarta da ke aure a Funtuwa ta zo, ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye, ta koma ta dawo da irin rigar har kala-kala a jaka. Suka shige ɗaki suka saki labule, ni kuma an ba ni tabarma a waje. Ina jin yayar tana cewa, "Wagga mai ƙarfen ba ta mai goyo ba ce, ajiye. Sa wannan ta auduga. Ɗaga hannu sama. Ta haura? To ta yi maki yawa a ƙirji. Gwada waccan. Sa yatsa biyu ƙarƙashin ɗamarar, sun shiga? Ja numfashi. Sunkuya. Ba abin da ya tsallako ta sama? Madaurin fa, yana cin kafaɗa? Ki nemi mai faɗi. Kuma in kin ji ya cika, ki kwance ki ba ɗanki, ba sarki ya ɗaura maki ba." Sai na ji dariyar iyalina, karo na farko tun kafin haihuwa.

Dariyar ce ta ba ni ƙarfin hali. Na yi gyaran murya, na ɗaga harshe yadda za a ji a ciki, na ce ai yanzu na fahimci tsarin abin sarai, magana ce ta lamba, in an faɗa mini lambar zan riƙa sayowa da kaina duk ranar kasuwa, ba sai an wahalar da kowa ba.

Labulen ya ɗaga, kan Kaka ya leƙo.

"Kai miji, shekara guda cur abu na ɗakinka ba ka san girmanshi ba, lamba ce za ta sanar da kai?"