Ranar da Baba ya gaishe da mai jifa

Yayana ya koyi besbol a makarantar 'ya'yan baƙi a Riyad, ya dawo mana da shi gida kamar mura. Wasa ne da mutum ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin make ta da kulki, sauran kuma su tsaya a rana suna tofar da yawu. Yaya mai jifa ne. Duk Asabar ta lokacin sanyi, daga gidanmu na unguwar Nasiriya ake kai shi wani fili bayan rukunin gidajen ma'aikatan waje.

Kocinsu wani dattijo ne ɗan Benezuwela, wanda aka ce ya taɓa cin abinci da wasan a ƙasarsu. Shi ya ɗora musu dokokin ƙwararru, waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba. In ka make ƙwallo ta tsallake katanga, kada ka tsaya kallonta. In kun yi wa abokan karawa nisa, ku rage zafi. Kada ka taka tudun mai jifa. Manyan mutane masu gemu, injiniyoyi da akantoci, suna tsallake farin layin gefen fili kamar amaren da ke tsoron ɓata lalle.

Ni abin da ke kai ni filin shi ne ciyawar. Kore shar a tsakiyar garin yashi, kuma in ƙwallo ta tashi sama takan ɓace min a hasken la'asar kamar farar tattabara. Ban taɓa sanin wa ke cin wasa ba.

Burin Yaya guda ne: ya yi jifa daga farkon wasa har ƙarshe ba tare da kowa ya samu dukan da zai kai shi tasha ta farko ba, wato inda mai duka ke rugawa in ya make ƙwallo. Tun da aka kafa ƙungiyar ba wanda ya taɓa yi. Ranar da ya kusa yi, ita ce ranar da Baba ya ce bari yau ya je ya ga abin da ke hana ɗansa zama gida.

An yi zagaye shida cikin bakwai, ba wanda ya samu komai a hannunsa. A nan babbar dokar ta hau. Ba a faɗin abin da ke shirin faruwa. Ba a yi wa mai jifa magana, ba a zama kusa da shi. Yaya na zaune a ƙarshen benci shi kaɗai, abokansa sun cure a ɗaya gefen suna kallon takalmansu.

Baba, wanda ya yi shekara da shekaru a ofishin jakadanci yana koya wa mutane inda ake zama da wanda ake fara gaisarwa, ya gyara gilashi.

"Uwata," ya ce da ni, "me yaron nan ya yi musu suke gaba da shi?"

Na yi masa bayanin iya abin da na sani. Mama ta gane nan take.

"Ai kambun baka suke gudu, Alhaji. Ashe su ma suna da hankali. Zauna."

"Camfi! Mutum na aiki tun azahar a ce ba mai ce masa sannu? Uwata, ɗauko fulas ɗin gahawa ki biyo ni."

Na bi shi. Babbar rigarsa ta share farin layin nan tas. Kocin ya ɗaga hannu biyu yana "la, la, la", wato "a'a" da Larabci, Baba ya ɗauka gaisuwa ce, ya kama hannun ya girgiza. Sannan ya tsaya kan Yaya, ya faɗa da Hausa, ya kuma maimaita da Turanci don kada wani ya ce bai ji ba.

"Sannu da ƙoƙari, babban mutum. Na lura tun ɗazu ko mutum ɗaya bai taɓa maka ƙwallo ba. Saura mutum uku kawai ka gama da su!"

Wani ɗan Filifin ya cire hula ya rufe fuska. Yaya ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba," ya karɓi gahawar da hannu biyu, domin ita ma wannan dokar ba a rubuta ta ba, kuma ta girmi besbol.

Ya koma tudunsa. Jifa na farko, wani siririn malamin lissafi, wanda bai taɓa dukan kirki ba duk shekarar, ya rufe ido ya kai sara. Ƙwallon ta tashi a hankali, ta faɗi inda babu kowa, malamin ya ruga ya isa tasha ta farko. Ni dai na ga kyanta, ban faɗa wa kowa ba.

Su Yaya sun ci wasan. Baba ya tafa fiye da kowa. A mota, da muka wuce gadar jirgin metiro, sai Baba ya dubi Yaya ta madubi.

"Hannunka ne ya gaji, ba wani abu ba."

"Haka ne, Baba."

Ɗa ba ya ce wa uba kada ya ƙara zuwa, uba kuma ba ya ba da haƙuri. Saƙon ta kicin ya bi, ta bakin Mama. Asabar ta gaba Baba ya kai shi da kansa, ya ajiye mota nesa da katanga, ya ce gwiwarsa ke ciwo. Ya bar injin a kunne, ya aike ni in leƙo masa.

"Je ki gani, Uwata. In abin na tafiya daidai, ki dawo ki yi shiru."