Ragon Baba Tsoho da Ciyawar Filin Ƙwallo

A bazarar da yayata ta haifi ɗanta na fari a Kaduna, gidanmu kaf muka ɗunguma daga Ƙaura Namoda zuwa suna. Baba ke tuƙi, Inna na gefensa rungume da kwanon yajin jego, ni da kakana muna baya. Baba Tsoho muke ce masa. Daga Birnin Tsaba ya iso ana gobe tafiya, janye da wani farin rago mai baƙin kunne da ya kiwata da hannunsa. An riga an yi wa jaririn huɗuba da sunansa, shi kuma ya yi alkawarin wannan ragon za a yanka wa takwaransa, ba wani ba.

Sai da rana ta ɗaga, motoci suka fara wucewa, sannan muka kama hanya. Aka shimfiɗa wa rago buhu a bayan mota, ya kwanta kamar mai unguwa, yana hura mini numfashi a ƙeya. Kafin Gusau ya tauna bakin hulata, kuma wannan ne abu na ƙarshe da ya sa a bakinsa har muka isa Kaduna. A Zariya muka gano dalili: jarkar fetur ɗin da Baba ya ɗauko ta tsiyaye cikin damin harawar rago. Ko ni da ba rago ba, warin ya kusa kashe ni sau uku.

A gidan yayata aka kawo masa dusa, ya juya kai. Aka kawo ɓawon kankana da ganyen kabeji, ya dube su kamar an zage shi. Ya koma gindin katanga ya sunkuyar da kai, cikinsa na faɗawa. Baba Tsoho ya ja tabarma ya zauna kusa da shi, shi ma ya daina cin abinci. Suna na matsowa, mijin yayata ya durƙusa ya ce cikin ladabi, in abin ya gagara akwai raguna a kara, sai a sayo wani. Baba Tsoho ya dube shi kawai, har sai da ya tashi yana sosa ƙeya.

Ni kuwa tun a hanya nake damun kowa da zancen babban filin ƙwallon birnin, wanda muke gani a gidan kallo. Mijin yayata na da aboki da ke aiki a can, ya yarda zai zagaya da mu. Baba ya ce a tafi da tsoho ya sha iska, kada zama ya kwantar da shi kafin ragon. Da ƙyar ya yarda. Ƙwallo a wurinsa ƙattai ne ke bin fata a guje alhali ga gonaki na jiran noma.

Abokin ya tarbe mu a ƙofa, ya fara da doka guda: a kalli komai, a taɓa abin da aka ga dama, amma kada ƙafar kowa ta hau ciyawa. Ya kai mu ɗakin da 'yan wasa ke sauya kaya, mai warin man zafi da tsohuwar safa. Na zauna a kowane benci, don kada in tsallake wanda wani gwani ya taɓa zama. Muka hau bene har can ƙoli, inda nake da tabbacin na hango rufin gidanmu a Ƙaura, duk da Baba ya ce masallacin unguwar ne. Baba Tsoho ya dubi kujerun da suka kewaye mu, ya tambaya ko nan ake sallar Idi. Da aka ce a'a, ya girgiza kai.

Daga nan muka bi wani dogon lungu mai duhu, wanda 'yan wasa ke fitowa ta cikinsa. Muna fita sai ga fili shar, kore kamar tsakiyar damina, a lokacin da ko tsinke babu a dajin Zurmi. Baba Tsoho ya tsaya cak.

"Ɗana, wagga gona ta wa ta?"

Abokin ya yi murmushi, ya ce ta jama'a ce, Baba.

"To mi aka shibkawa cikinta?"

Ya bayyana masa cewa ciyawar ita ce shukar. Ana ba ta ruwa safe da yamma, in ta yi tsawo a aske ta da inji, a kwashe a zubar. Baba Tsoho ya sa ya maimaita maganar zubarwar. Da ya ji ta karo na biyu, sai ya yi salati a hankali.

Aka wuce da mu ɗakin kofuna. Ina cikin lallaɓar Baba ya ɗauke ni hoto da mafi girmansu, sai ya waiga ya ce ina tsoho. Muka koma da sauri. A bakin farin layi muka tarar da takalmansa a jere, kamar a ƙofar masallaci. Shi kuwa yana can tsakiyar fili, ya naɗe hannun riga, ya duƙa kusa da wani dattijo ma'aikaci, suna cire aya-aya tare.

Abin da abokin bai sani ba, a wajenmu ba ka iske mutum duƙe a gonarsa ka wuce da sannu kawai. Sai ka karɓi fartanya ka ja masa ko kunya ɗaya ce. Baba Tsoho ya ga gona, ya ga mai gona, shi ke nan. Abokin ya buɗe baki zai yi kira, Baba ya riƙe hannunsa yana ba shi haƙuri. Daga can dattijon ya ɗaga hannu, alamar a bar su.

Muka zauna a inuwa muna kallonsu. Ni da na kwana ina mafarkin taka filin nan ina kan siminti, mutumin da bai san mai tsaron gida ba yana yawo a kai ba takalmi. Suka jima suna aiki suna hira, har suka kai bakin raga. Daga baya muka ji cewa dattijon ma ɗan ƙauye ne, kuma labarin ragon ya taɓa shi. Da safen nan aka yi aski, tarin ciyawar na nan bayan raga, ba a kai ga zubarwa ba, dattijon ya ce ya ɗiba.

Baba Tsoho bai yi gaggawa ba. Ya tambaya ko an yi feshin magani, aka ce ba a yi ba. Ya damƙo daga tarin, ya shinshina, ya tauna ƙwaya ɗaya, sannan ya yafito ni.

"Kai, ja'iri, taho ka yi abin kirki yau. Ɗauki buhu."

Na nufe shi kai tsaye ta cikin fili, abokin ya cafko wuyan rigata ya bi da ni ta gefe. Amma babban yatsana ya shafi ciyawar, kuma a Ƙaura wannan yatsan ya yanke mutum huɗu ya ci ƙwallo.

Muka koma gida da buhu cike, motar na ƙamshin damina. Baba Tsoho ya zube kaɗan a gaban rago, ya koma tabarmarsa kamar bai damu ba. Inna da yayata suka leƙo ta taga. Rago ya ɗago kai, ya shinshina, ya yi atishawa. Ya sake shinshinawa, sai muka ji ƙurus-ƙurus. Da ya cinye, ya taka da ƙafarsa ya tura kai cikin buhun.

Baba Tsoho ya gyara hularsa, ya juya wajen taga.

"Ke uwar takwarana, tuwon nan da kinka aje mani, da saura?"

Aka kawo, ya cinye tas, ya nemi ƙari. Ranar suna ragonsa aka yanka. Da aka gama rabo, ya ware cinya guda ya naɗe a takarda, ya sa mijin yayata ya kai wa mai gona.