Garin Maganin da Na Shafa wa 'Yata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shekarar da na kusa nakasa 'yata da hannuna ba. Tana da shekara tara fararen tabo suka fito mata a wuya da gefen ido, irin wanda mutane ke kira albaras. Ba ciwo yake mata ba, amma tsokanar yara ta sa ta tsani makaranta, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Wata ranar kasuwar Kafin Hausa na sayo garin 'ya'yan wani tsiro. Mai maganin ya ce a kwaɓa a shafa, ta ɗan zauna a rana. Ban tambaye shi minti nawa ba. Lokacin yankan shinkafa ne, sai na lafta mata shi da hantsi, ni da ita muka kai wa masu aiki abinci fadama cikin rana, ba mu dawo ba sai la'asar. A wautata har murna nake, wai magani zai ratsa sosai.

Washegari wuyan ya yi bororo kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. "Umma, ba na gani da shi," ta ce. Nan take na ɗauke ta muka kama hanya.

A asibiti cikin Haɗeja likita ya saurare ni, ya duba ragowar garin. "Hajiya, mu ma muna amfani da irin wannan sinadarin," in ji shi, "amma da awo, ƙarƙashin fitila ta musamman, ido a rufe. Haske ne ke tayar da shi. In ya yi yawa, ban da ƙuna, yakan lalata ƙwayoyin halittar fata daga ciki, har ya iya jawo ciwon daji nan gaba."

Kwana shida na yi ina jinyarta. Da kumburin ya sace, likitan ya rufe mata lafiyayyen idon ya ɗaga yatsu. "Uku!" ta ce. Nan na durƙushe ina kuka ina hamdala.

Yanzu ta girma, malama ce a Malam Madori. Ana duba fatar lokaci-lokaci, ba a taɓa ganin komai ba. Tun daga ranar na gane cewa don magani ya fito daga tsiro ba shi ke nuna ba ya cutarwa ba, kuma ba na sa wa kowa magani sai wanda ya san shi ya faɗa mini awonsa.